Fuskar Kumandan

"Gwaggo, da ido ake kallo, ban da hannu!" Maharazu ya daka wa tsohuwa Zara'u tsawa.

Ya dawo daga Yamai da gemu da sabon salo, wai shi ya wuce fenti, sai dai ya manna abubuwa a katako su ba da hoto. Hoton sabon kumandan da sojoji suka turo garin Mayahi ya yi don bikin tarbarsa gobe. In ya burge, za a kai shi baje koli a Faransa. Damina biyu ba a girbe komai ba, amma ga mata sun cika zaurensa suna kallo, har suna haɗiyar yawu. Ashe ƙauyawa ma suna wayewa, in ji shi a ransa. Ya rufe hoton da zane, ya tafi aski.

Washegari ya yaye zanen a gaban manyan baƙi. Katako ne tas, sai kunnuwa biyu.

"Ina fuskata?" in ji kumandan.

Zara'u ta rusuna. "Ranka shi daɗe, geron kumatunka mun dama kunu da shi. Waken idanunka jikoki suka ci. Kunnuwan kam tsakuwa ce, mun bar maka kayanka."