Tsohon Cikin Hoto

Malama ba ta zauna ba tun da ta shigo aji. Ta jefa jakarta kan tebur, ta wuce kusurwa ta jingina da ƙofar sito, inda ake tara alli da tsofaffin littattafai, ta ce kowa ya fito da wayarsa.

Ɗalibai suka kalli juna. Waya haramun ce a makarantar nan, amma babu aljihun da ba ta kwana a ciki. Kafin ka ce me, duk sun bayyana.

Ba sai ta faɗi abin da za a duba ba. Tun safe saƙon ke yawo: bidiyon wani mutum ya sungumi yaro ya haye babur, sai hoton wani tsoho mai sanda da aka ɗauka yau a ƙofar makarantarsu yana leƙe, sai muryar wata mata tana kuka, tana cewa shi ne ɓarawon yaran, a tare shi. Ta taga ana jin hayaniyar samari a titi. Ba wurin hukuma suke shirin kai shi ba. Wasu na riƙe da gora, ɗaya da jarkar fetur.

"Malama, gaskiya ne?" wata ta tambaya.

"Ni zan gaya muku? To me nake koya muku tun farkon zango?"

Halinta ke nan. Ba ta taɓa ba su amsa ba, sai dai ta bar su su yi ta tono har su gaji. Yau dai muryarta a bushe take, kuma ba ta yi musu tsiyar da ta saba ba.

Akwai wani dogo a layin baya da suke kira Ɗan Gaggawa, don yakan amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Shi tuni ya tura saƙon zuwa duk rukunin sada zumunta da yake ciki, kuma yayansa ne a gaban samarin da ke waje. Ya ce ai magana ta ƙare, ga farar riga a bidiyo, ga farar riga a hoto.

"Babanka wace riga ya sa yau?" in ji Malama.

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu nan take.

Wata yarinya da ake ce wa Lauya, saboda jayayya, ta tsayar da bidiyon ta ƙura masa ido. Ta ce ƙasa a jiƙe take, alhali rabon garin da ruwa an kwana biyu. Wani ya ce launin lambar babur ɗin ba irin nasu ba ne. Wani ya ce matar da ke kuka ba ta faɗi sunan yaron ba, ba ta faɗi unguwa ba.

Monita ya miƙe zai ɗauko alli a sito don a rubuta abin da aka gano.

"Zauna!" Malama ta daka masa tsawa. Sannan ta sassauta. "Yau babu rubutu. Ku ci gaba."

Hayaniyar ta matso. Yanzu a bakin ƙofar makaranta suke, ana jin mai gadi yana rantsuwa, su kuma suna cewa an ga tsohon ya shigo, sai sun duba aji-aji.

"Ku dubi yadda mutumin ya haye babur," Malama ta ce da sauri. "Wanda gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa zai yi wannan tsallen?"

Lauya ta dubi hoton tsohon, ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka buga ƙofar ƙarfen waje da wani abu mai nauyi, ta fasa. Ta yanko hoto ɗaya daga bidiyon ta sa a manhajar bincike, kamar yadda aka koya musu. Sabis kuwa ya zaɓi wannan lokacin ya yi nauyi. Ajin duka ya taru a kanta.

Sai ga shi ya buɗe. Bidiyon nan ne, babur ɗin nan, jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, an ɗora shi a intanet shekarun baya daga wata ƙasa mai nisa.

Ɗan Gaggawa ya ji kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya. Ya kira yayansa, bai ɗauka ba. Ya ruga taga ya kwarara masa kira.

"Yaya! Tsohon bidiyo ne, ba ma na ƙasar nan ba ne! Duba wayarka!"

"Kai, koma aji!"

"To ɗan wa aka sace? Faɗa mini sunansa! Wa ya ga uwarsa?"

Yayan ya juya ya tambayi na kusa da shi, shi ma ya tambayi na bayansa. Babu wanda ya san sunan yaron. A ciki kuwa yatsu sai aiki suke, kowa na tura wa uwa da uba da kawu. Wayoyin waje suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Gorori suka sauka. Mai jarka ne ya fara sulalewa, kamar dama wucewa yake yi.

Sai da titi ya yi tsit Malama ta ɗaga bayanta daga ƙofar siton. Rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta miƙa wa Lauya makulli, ta karɓa ta buɗe.

Tsohon cikin hoton ne a ciki, yana zaune kan kwalin littattafai, ƙafar hagu a miƙe, ya rungume sandarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Fito, sun tafi," Malama ta ce wa mahaifinta. "Ga ɗaliban nawa da ka dage sai ka zo ka gani."