Hancin Mijin Yayata

"Wannan ai ruwan wanke tukunya ne," in ji Íñigo, mijin yayata, ya tofar da jar giyar Baba a gefen murhu.

Shekara uku ya yi a Madrid yana koyon shinshina kofin giya, ya dawo mana garinmu Haro yana hura hanci. Yanzu wai a tumɓuke tsofaffin itatuwan inabin Tempranillo na kakanmu, a dasa inabin Faransa.

Baba ya juya haƙarƙarin rago a kan garwashin rassan inabi, sannan ya miƙa masa wani kofin.

"To, masani, ɗanɗana wannan. In ka faɗi asalinta, gonar taka ce."

Íñigo ya kaɗa kofin, ya shinshina, ya lumshe ido kamar mai addu'a. Ya kurɓa.

"Yauwa, ga giya! Ɗan gishiri-gishiri, ga ƙamshin fata. Ta yi shekara goma a ganga. Baba, wannan ba aikin ɗan ƙauye ba ne."

Ya shanye tas, ya nemi ƙari.

"Babu ƙari," in ji Baba. "Riga ɗaya ce."

Jiya aka yi bikin watsa giya a kan dutse, inda duk gari ke jiƙa juna sharkaf da giya mafi arha. Da cokalin juya nama Baba ya nuna rigarsa a kan igiyar shanya.

"Da hannuna na matse ta. Gishirin kuwa, surukina, daga hammatata ya fito."