Tuwon da Ya Narke

Tun da aka dasa wa kowa na'ura a ƙaramin hanji, ciki ba ya narkar da komai sai abincin hukuma. Ma'aikatanta kaɗai aka bari su ci abin da suke so.

Goggo Saude tana noma gero a ɓoye. Ta san cikinta zai murɗa, amma kwaɗayin tuwo ya fi ƙarfinta. Tana kwashewa sai ga Tanimu, ɗan wanta, daga birni. Dole ta yi masa tayi.

Suka ci tare, ya cinye nasa, ya suɗe kwano. Ita tana dafe da ciki, shi ko gezau.

"Tanimu, aikin me ka ce kana yi a birni?"

Ya yi gyatsa, ya yi murmushi.

"Goggo, wa ya ba ki irin geron nan?"