Masuncin da Aka Hana Taɓa Ƙugiya

Kai da ba ka iya ganin wani yana fama da aiki sai ka ƙwace ka yi masa, zauna ka ji misalin wani masunci.

Mutumin nan a bakin kogi aka yanke masa cibiya. Ya san inda tarwaɗa ke kwana, ya san ramin da giwan ruwa ke fakewa in rana ta take. Amma kifi ya yi ƙaranci, taru ya daina cika tukunya, su kuwa iyali ba su daina jin yunwa ba. Sai ya tafi wurin wani tsoho mai masauki a gaɓar kogin, inda baƙi daga birni ke zuwa kamun kifi don nishaɗi, ya roƙa a koya masa aikin yi musu jagora. Nan ya ga ikon Allah. Ba taru, ba koma, ko tana ba a soka wa ƙugiya. Gashin zabo ake naɗewa da zare har ya yi kama da ƙwaro, a wurga shi da doguwar sanda mai lanƙwasa ya sauka kan ruwa a hankali, kifi ya zaci kalaci ne ya cafke. Da farko dariya ta kusa kayar da shi, don bai taɓa jin an yi wa kifi irin wannan ƙarya ba. Amma gwani gwani ne. Kafin ruwan kogi ya janye, ya iya ɗaurin gashin, ya iya jifa, har yana ajiye ƙugiya daidai ƙarƙashin reshen da ya nuna. Tsoho ya ce to, saura gwaji: za a ba shi baƙo, in baƙon ya sake nemansa aiki ya zama nasa, in bai neme shi ba ya koma ga tarunsa.

Baƙon wani dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya yi shekaru yana hango masu kamun kifi daga kan gada yana cewa shi ma wata rana. Sha'awa kam akwai, hannu ne babu. Jifan farko hularsa ya kamo, na biyu ya maƙale a bishiya, na uku ya faɗa ruwa tim, duk kifin da ke kusa ya yi ta kansa. Masunci ya ji tausayi ya kama shi. A gidansu kuwa babu abin kunya kamar baƙo ya tashi hannu rabbana. Da rana ta karkata sai ya ce, “Baba, kawo ka gani.” Jifa ɗaya ya yi, ya jawo giwan ruwa mai tsawon taɓarya, ya shimfiɗe shi a gaban dattijo yana washe baki. Dattijo ya ce madalla, sannu da ƙoƙari, da irin muryar da ake gaisuwar rashin lafiya, sannan ya juya yana kallon ruwa. Da suka sauka daga kwale-kwale, dattijo ya roƙi mai masauki a canza masa jagora gobe. Ran masunci ya ɓaci ƙwarai, don shi a saninsa alheri ya yi. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce masa, “In kifi mutumin nan yake so, ai kasuwa ta fi kusa da gidansa.” Ya je ya lallashi baƙon ya ƙara haƙurin safiya ɗaya, ya kuma kafa wa masunci doka: hannuwansa biyu su zauna kan filafilin tuƙi, bakinsa kaɗai aka yarda ya yi aiki.

Wannan safiya masunci ya sha wuyar da bai taɓa sha ba ko a tsakiyar ambaliya. Yana ganin manyan kifaye suna gilmawa, dattijo yana wurga musu ƙugiya a inda suka riga suka bari. Tafin hannunsa har ƙaiƙayi yake, ya danne. Ya karkata kwale-kwalen yadda iska za ta biyo ta bayan baƙon, ya matsar da shi nesa da rassa, yana faɗa masa a hankali ya sassauta kafaɗa, ya jira, ya saki yanzu. Can wajen hantsi gashin zabon ya sauka lafiya, ruwa ya motsa, zare ya miƙe. Dattijo ya ja, sai ga 'yar kawara wadda ba ta kai tafin hannu ba, irin wadda masunci kan jefa wa kyanwa. Tsohon direba ya kwarma ihu, ya miƙe tsaye yana taka rawa har ya kusa kifar da su duka. Ya naɗe kifin a cikin hularsa, ya hana kowa riƙe masa. A masauki ya sa aka soya, ya cinye shi kaɗai har ƙaya, yana ba kowa labarin yadda aka gwabza. Kafin ya wanke hannu ya gaya wa tsoho cewa baɗi zai dawo da abokansa, kuma kada a kuskura a haɗa su da kowa sai wannan jagora.

Ranar masunci ya koma gida da aiki a hannu, bai kama ko kifi ɗaya ba. Ai dama Hausawa sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.