Ƙofar Gindin Tanki

Kai da kake ganin kowa so yake ya cuce ka, zauna ka ji. Wasu manoman albasa biyu ne suka gaji tanki ɗaya a fadama. Kowace yamma ake cika shi, ruwan kuma ta wata 'yar ƙofa yake fita a gindinsa, ba ta fi bakin kwalba ba. Tsarin da iyayensu suka bari shi ne, na gabas ya yi ban ruwa daga fitowar rana zuwa hantsi, na yamma ya karɓa daga hantsi har azahar. To, na gabas ɗin nan mutum ne mai baƙin zargi, ko gaishe shi ka yi sai ya laluba aljihunsa. Abin ya tsaya masa a rai: ƙofa ɗaya, don me wani zai ninka shi lokaci? Lalle an yi wa ubansa wayo. Ya tasa maƙwabcinsa a gaba, shi sai an raba lokaci daidai da agogo. Maƙwabcin ya ce ya yarda, amma shi zai riƙa farawa. Gogan naka har da murna, ga ƙarin lokaci, ga damar sa wa mutumin ido.

Kwana huɗu, ganyen albasarsa ya fara lanƙwasa. Ya ce an toshe ƙofar, ya zura tsinke, bai taɓo komai ba. Ya ce an canza masa tiyo, ya duba, nasa ne. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Sai ya ɗauko bokiti ya tara tun da sassafe tanki na cike, kafin ya ƙirga ashirin bokitin ya cika. Da layinsa ya zo, ruwa ya yi ƙasa, ya sake tarawa, ya ƙirga har hamsin bokiti bai cika ba. Ashe nauyin ruwan sama ne ke tunkuɗo na ƙasa, kuma tsofaffin da ya raina sun san haka, shi ya sa suka tsawaita wa na baya. Ya je da kunya yana roƙon a koma yadda ake. Maƙwabcin ya ce, "Ai kai ka kawo agogo, ɗan'uwa. A bar shi ya kai mu girbi."

Rabin gonar mai zargin ta bushe a ranin nan. Ka ga abin da Hausawa ke cewa ke nan, garin neman ƙiba an samo rama.