Rigar Sanyi a Kan Dutse

Musaddiƙ ya zuge rigar sanyinsa har wuya kafin ya fito daga mota. Jalaluddeen, abokin da ke kawo shi yawon duwatsu a wasu ranakun Asabar, ya kwantar da kujera ya ce, "Je ka yi abinka, Dokta. Ni ƙafafuna ba na hawan dutse ba ne."

Ya kama hanya shi kaɗai. Duwatsun sun jeru, wani na leƙen kafaɗar wani, ciyawa ta lulluɓe su kore shar, gajimare na ratsawa ƙasa-ƙasa. Kafin ya kai rabi gumi ya jiƙa masa baya, amma bai cire rigar ba. Inno, mahaifiyarsa, tana son ganinsa a cikinta.

Kowa a garinsu Gwiwa ya san ɗan Inno yana karatun likita a Turkiyya. Da zai tafi, Baffa, mahaifinsa, ya sayar da bijimin da ya fi ƙauna aka yi masa guzuri, ya raka shi har tashar Kazaure, ya ɗora masa hannu a ka. Abin da ba a sani ba shi ne, jarrabawar shekarar farko ta kayar da shi, aka janye tallafin karatun. Tun daga nan yake gyaran waya a wata 'yar rumfa, cikin birnin da babu mai tambayarsa ɗan gidan wa ne.

Da Baffa ya rasu a daminar bara, Musaddiƙ bai je ba. Ya ce makaranta ta hana. A waya ya karɓi gaisuwa, yana jin mata suna ce wa Inno, "Ki yi masa uzuri, neman ilimi ya je." Har yau maganar na ci masa rai kamar garwashi a cikin toka.

Abin da kawai ya rage yana iya ba ta shi ne duwatsu. Inno ba ta damu da benaye ba, ko da yaushe cewa take ya nuna mata dajinsu.

A saman ya tsaya zaɓen wuri. Ya kauce wa wata bishiya. Ya jira wani garken tumaki ya wuce har kukansu ya ɓace. Ya daidaita wayar yadda ba za a ga komai a bayansa ba sai wani tsagaggen dutse da sararin sama. Ya duba agogo, ya ɗan yi lissafi, sannan ya danna kiran bidiyo.

Yau zai faɗa mata. Da wannan niyya ya tashi.

Zara, ƙanwarsa, ce ta ɗauka. "Yaya! Har yanzu ba a buɗe kantin tsarabata ba? Inno, ga mutanen Turkiyya!"

Fuskar Inno ta cika wayar. Ta rame. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, da yake ɗan fari ne.

"Ɗan nan, ya sanyi?"

"Da sauƙi, Inno."

"Kana dai cin abinci?"

"Ina ci." Ya gyara riƙon wayar. "Inno, akwai wata magana..."

Ta tsura masa ido tana jira. Ya ga igiyar ɗaurin shanun Baffa rataye a bango bayanta, babu wanda ya sauke ta. Sai ya sauya magana.

"Dama cewa zan yi, kin ga dutsen yau? Wannan ƙasa Allah Ya yi mata kyau."

Inno ta daɗe tana kallo, ba shi ba, abin da ke bayansa. Ta goge ido da gefen mayafi. Sai ta ce wa Zara ta je ta duba tukunya, ta saurara har takun yarinyar ya yi nisa, sannan ta kawo wayar kusa da bakinta.

"Cire rigar nan kada zafi ya illata ka," ta ce a hankali. "A gindin wannan tsagaggen dutsen babanka ya fara ganina ina kiwo. Tun bara nake jiran ka gaji da Turkiyyar duwatsun Roni da ke nan kusa da mu, ka ƙaraso gida."