Gwiwar Malam Abdulhamid

Kwana uku ke nan Zulaihatu na zaune a bakin gadon mahaifinta a asibiti, tana yi masa fifita da gefen mayafi. Ba ta kuka. Ko yunwa ba ta ji.

Duk Illela an san Malam Abdulhamid da makarantarsa, an kuma san shi da ƙin maganin asibiti. Bara ciwon gwiwa ya kai shi ga yin salla a zaune, amma ya ce shi da ƙwayar magani har abada. Tun rasuwar mahaifiyarta, Zulaihatu ce ke yi masa tuwo, ita ke dama masa kunun safe. Bayan ƙaramar salla ciwon ya lafa, Malam ya koma jan salla a tsaye, yana ta hamdala.

Sai zazzaɓi ya zo ya ƙi tafiya. Baki ya fashe, maƙogwaro ya kumbura.

Likita ya kira su baranda, Zulaihatu da yayanta Mukhtari. Ya ce fararen ƙwayoyin jinin Malam, masu tare wa jiki cuta, sun kusa ƙarewa. Wasu magungunan kashe ciwo kan jawo haka, musamman irin waɗanda ake shigowa da su ta kan iyakar Ƙonni ba takardar likita. In an gano wanne ne aka daina, jinin na iya farfaɗowa.

"Likita, Baba bai taɓa haɗiye ƙwaya ba," in ji Mukhtari. "Tambayi kowa garin ga."

Zulaihatu na kallon siminti. Likita ya ce to sai dai a kai shi Sakkwato a duba ɓargonsa.

Ta koma ɗaki. Malam ya buɗe ido da ƙyar, ya nemi kunu.

"Ɗiyata, in ban sha naki ba, gwiwag ga ba ta barina."

Filas ɗin kunun na hannunta da ɗuminsa. Ta ce ya huce, bari ta sake wani. Ta fita bayan ɗakin, ta tuttular da shi, ta tsaya har ƙasa ta shanye.

Sannan ta ƙwanƙwasa ofishin likita, ta kwance bakin zaninta, ta ajiye masa ragowar ƙwayoyin da ta yi wata biyar tana murjewa cikin kunun Malam kowace safiya.